Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon Fursuna da Ƙuri'a a Amurka

Malama Hadiza daga Funtuwa tana tambaya: a Amurka, wanda aka ɗaure kan babban laifi yana sake jefa ƙuri'a?

To Malama Hadiza, mun gode. Kowace jiha da dokarta. A jihohin Maine da Vermont, fursuna na jefa ƙuri'a yana cikin gidan yari. A Florida kuwa, a 2018 jama'a suka amince a mayar wa waɗanda suka gama wa'adinsu 'yancin zaɓe, ban da masu laifin kisa ko lalata. Sai majalisar jihar ta gindaya sharaɗi a 2019, cewa sai an biya tarar kotu da diyya tukuna. Talakan da ya fito ba ko sisi, 'yancin zaɓen nan ya gagare shi ke nan.