Itacen Asawaki: Yadda Ake Shuka Shi Da Renonsa

Wannan bayani domin Hakimai ne da malamansu, musamman waɗanda ƙasarsu ke da kanwa ko gishiri, inda gero ba ya yi.

Itacen asawaki, wanda Larabawa ke kira arak, ɗan gaɓar teku ne. Yana fitowa da kansa a bakin Bahar Maliya, da gaɓar Indiya ta yamma, kuma a nan wajenmu ana samunsa a kewayen Tafkin Chadi. Ba ya yin tsawo ainun, rassansa sukan sunkuyo har ƙasa, ganyensa kore shar ko da bazara. Gishirin da ke kashe sauran tsire-tsire ba ya damunsa, muddin saiwarsa ta kai ga damshi. Raƙuma da awaki suna cin ganyen, Barebari kuwa sun daɗe suna fid da gishiri daga tokarsa. A shekarar 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba da amfaninsa wajen tsabtace haƙora.

To, amfanin nan shi ne ke jawo masa halaka, gama saiwa ake haƙa a sayar, mai haƙa kuwa ba safai yake dasa wani ba.

Ga yadda ake samun iri. A bari 'ya'yan su nuna su yi ja, sa'an nan a tsinko. A murje su cikin ruwa har naman ya rabu da ƙwayar sarai. Kada a raina wannan aiki, don naman nan yana hana tsiro, kuma a ganina yawancin masu cewa asawaki ba ya shukuwa a nan suka yi kuskure. A jiƙa ƙwayar kwana ɗaya, a shuka nan da nan, domin in ta daɗe a ajiye sai ta mutu. A sa biyu-biyu cikin 'yan tukwane masu yashi da taki, zurfin rabin inci, a riƙa ban ruwa safe da yamma. In duka sun fito a cire mai rauni.

Yana da nawar girma, saboda haka kada a yi garajen dasawa. Sai ya yi ƙwari, a dasa da damina ta kankama, a kewaye kowane da ƙaya, in ba haka ba akuya za ta gama da shi rana ɗaya.

Akwai hanya ta biyu mai sauƙi. Tsohon itace yakan yi toho daga saiwa. A datse tohon tare da guntun saiwarsa, a dasa da damina.

Ana roƙon Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa cewa mai haƙar asawaki ya ɗebi saiwa ta gefe ɗaya kaɗai, ya mai da ƙasa ya rufe ramin. Malamin Hakimi kuma ya rubuta wuraren da itacen yake, da yawan wanda aka dasa, da wanda ya rayu bayan rani, ya nuna wa malamin daji in ya zo rangadi.