Raɗa wa Baƙon Wasa Suna Kafin Aro Ya Kafu: Nazarin Kalmar “Faifai” Daga Mahangar Iyakar Jibiya

Tsakure

Wannan muƙala ta duba yadda za a raɗa wa wasan da Turawa ke kira disc golf suna da Hausa. An ɗauki yankin Mazanya na ƙaramar hukumar Jibiya a matsayin ma'auni, domin sunan da zai karɓu a bakin iyaka shi ne zai iya haɗa Hausar Nijeriya da ta Nijar. Muƙalar ta ba da shawarar “faifan kwando”.

1.0 Gabatarwa

Mazanya tana dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, a yankin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu Katsinawa ne ta fuskar tarihi da karin harshe, domin zuriyar sarakunan Haɓe na Katsina ce ta kafa Maraɗi bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. Mulkin mallaka ya raba su wajen aron kalmomi: wannan ɓangare ya ɗebo daga Ingilishi, wancan daga Faransanci. Shi ya sa jami'in da ake kira “kwastan” a Jibiya ya zama “duwan” a Ɗan Isa, “biro” kuma ya zama “bik”. Taron daidaita rubutun Hausa na Yamai a 1980 ya kusanto da ƙa'idojin rubutu, amma bai hana sababbin kalmomi rabuwa gida biyu ba.

2.0 Yadda Wasan Yake

Ana yin wasan ne da faifan roba mai shawagi a iska. Ɗan wasa zai tsaya a wurin da aka shata ya wurga faifan zuwa ga abin da aka sa a gaba. Inda faifan ya faɗi, daga nan zai sake jifa har ya cim ma abin. Wanda ya kammala zagaye da mafi ƙarancin jifa shi ya ci, kamar yadda ake lissafi a golf. Fili yakan ƙunshi matakai 9 ko 18.

Ed Headrick ne ya tsara filin farko na dindindin a Oak Grove, jihar Kalifoniya ta Amurka, a 1975, ya kuma kafa ƙungiyar PDGA a 1976. Shi ne ya ƙirƙiro kwandon ƙarfe da aka ɗora kan turke, da sarƙoƙi masu tare faifai su zuba shi ciki. A harabar jami'o'in Amurka ɗalibai kan yi shi don nishaɗi ba tare da kwando ba: sai su zaɓi bishiya ko turken fitila su ce shi za a buga. Wasan bai riga ya yaɗu a ƙasar Hausa ba, kuma a nan damar take. Wasa mai araha irin wannan yana iya shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta Katsina ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi a kowane lokaci, kuma sunan da ya fara kama bakin ɗalibai da wuya ya kanku.

3.0 Hanyar da Hausa ta Saba Bi

Hausa tana da tsayayyen tsari na raɗa wa wasanni suna: suna, da ɗafin mallaka, da wani suna mai bambantawa. Daga nan aka sami ƙwallon ƙafa, ƙwallon hannu, ƙwallon raga, ƙwallon tebur, ƙwallon kwando da ƙwallon dawaki, wanda Katsina ta yi fice a kansa tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo. Kalmar “ƙwallo” kanta faɗaɗa ma'ana ce, domin ana kiran ƙwallon goruba da na mangwaro da ita.

Haka “faifai” ta yi tafiya. Asalinta saƙaƙƙen abin rufe ƙwarya da bakace. Da garmaho ya zo sai aka ce “faifan garmaho” saboda kamar siffa, daga baya aka sami “faifan bidiyo”, har kalmar ta kai ga hoton da ke cikin waya wanda ba shi da siffar komai. Kalma ce ta gado da uwa a Mazanya da uwa a Madarumfa suka sani tun daga madafa, don haka ba ta bin Ingilishi ko Faransanci bashi.

4.0 Auna Sunaye Uku

Na farko, “jifan faifai”. Yana da sauƙi, amma ya fi dacewa da jifan faifai mai nauyi na wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, inda nisa ake aunawa ba daidaito ba.

Na biyu, “faifan bara”, daga bara mai ma'anar saiti. Ma'anar ta dace, sai dai rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka mai karatu zai iya ɗaukar ta a matsayin barar roƙo ko shekarar da ta wuce.

Na uku, “faifan kwando”. Ya bi sawun “ƙwallon kwando”, ya kuma nuna abin jifa da abin da ake nufa. Za a iya cewa ɗaliban da ke buga bishiya ba su da kwando. Amsa ita ce yara na buga ƙwallo tsakanin duwatsu biyu, kuma idan ta shiga “raga” suke cewa.

Ga sauran kalmomi, ana iya kiran wurin jifan farko “matsaya”, kowane mataki kuma “zango”, kalmar da fatake suka bar mana. Sai a ce fili mai zango 9 ko 18.

5.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa kalmar gado da aka faɗaɗa ta fi ta aro iya ƙetare iyaka. Ana ba masu nazarin Hausa a Katsina da Maraɗi shawarar su riƙa gwada sababbin kalmomi a bakin mazauna iyaka irin na Mazanya kafin a shigar da su ƙamus. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.