Darasin Ƙananan Sana'o'i: Tsara Kuɗin Fashi da na Hutu a Gidan Renon Yara

Tun daga ranar 12 ga Disamba, 1991, lokacin da aka mayar da mazaunin Gwamnatin Tarayya daga Legas zuwa Abuja, ma'aikata masu yawa suka sami kansu a garin da babu kaka, babu goggo, babu ƙanwar miji da za a bar wa yaro a tafi ofis. Wannan buƙata ce ta haifar da gidajen renon yara a unguwanni irin su Kubwa da Nyanya da Karu da Gwagwalada, inda mace kan ware ɗaki ɗaya ko biyu a gidanta, ta ɗauki mataimakiya, ta riƙa karɓar 'ya'yan ma'aikata daga safe zuwa yamma. Sana'a ce mai rufin asiri, kuma ba ta buƙatar jari mai yawa. Sai dai akwai wani wuri guda da yakan kayar da masu ita, watau ranakun da yaro bai zo ba. A kan wannan ne darasinmu na yau zai tsaya.

Yadda matsalar kan faro sananne ne. Ƙarshen wata ya yi, uwar yaro ta zo da kuɗi a hannu, ta ce, "Hajiya, ai kin san mun yi tafiya, kwana goma bai zo ba, sai ki cire mini na kwanakin." Mai gidan kuma, saboda kunya ko gudun kada a ɗauke yaron a kai wani wuri, sai ta amsa da "ba komai". A ganin uwar, adalci ta nema, domin ba a yi mata aikin kwana goma ba. Abin da ba ta duba ba shi ne, a cikin kwanakin nan goma mai gidan ba ta rage wa mataimakiyarta albashi ba, mai haya bai rage mata ko kwabo ba, kuma ba ta da ikon bai wa wani yaro shimfiɗar wanda ya yi tafiya, tun da an ce zai dawo.

Ya kamata mai wannan sana'a ta fahimci abin da take sayarwa. Gurbi take sayarwa, watau alkawarin cewa duk ranar aiki da aka kawo yaro akwai wurin kwanciyarsa da hannun da zai ɗauke shi. Gurbin nan kuwa ƙayyadadde ne, domin mace ɗaya ba ta iya kula da jarirai fiye da 'yan kaɗan a lokaci guda. 'Yan kasuwa sun san wannan ƙa'ida tun da daɗewa. Wanda ya kama hayar shago a kasuwar Wuse ba ya neman ragi don ya rufe ya tafi gida Salla, haka kuma matar da ta shiga adashi ba ta tsallake zubi don ta tafi biki.

Domin a ga abin a fili, bari mu yi lissafi da wani gida na misali, wanda alƙalumansa namu ne, kowa sai ta sauya su da nata. A ce gidan yana da yara 10, kowane ana biya masa N25,000 a wata, jimla N250,000. Mataimaka biyu suna karɓar N50,000 kowacce, N100,000 ke nan. Kason hayar ɗakunan da ake aiki da su N40,000 ne a wata, ko da yake a dunƙule ake biyansa a farkon shekara kamar yadda aka saba a ƙasar nan. Wuta da man janareto da ruwan sayen 'yan garuwa N30,000, gyare-gyare da tabarmi da kayan wasa N15,000. Waɗannan duka N185,000, ba sa motsi ko yaro ya zo ko bai zo ba. Abin da ke bin yawan yara kaɗan ne, tun da a galibin irin waɗannan gidaje iyaye ne ke zuwa da abinci da ƙunzugu: sabulu da ruwan wanka da ɗan abin taɓawa, a ce N150 ga kowane yaro a rana, wanda a kwanakin aiki 22 ya kama N33,000. Idan aka cire duka, abin da ya rage wa mai gida N32,000 ne.

To, a ce ta yarda da biyan kwana-kwana. Kowace rana ta tashi a kan kimanin N1,136. Watan Disamba ya zo, yara 6 daga cikin 10 suka bi iyayensu ƙauye na mako biyu, watau kwanakin aiki 10 kowannensu. Ta rasa kuɗin kwana 60, kusan N68,000, alhali abin da ta huta da kashewa N9,000 ne kacal. Watan da ya kamata ta tashi da ribar N32,000 sai ta tashi da giɓin kimanin N27,000, kuma a daidai lokacin da mataimakanta ke sa ran ɗan ihsanin ƙarshen shekara. A Abuja, inda Musulmi da Kirista ke kawo yara gida ɗaya, irin wannan wata yakan maimaitu a Ƙaramar Salla da Babbar Salla da kuma Ista. Wannan shi ya sa kuɗin wata tsayayye, wanda ake biya a farkon wata kafin a ci shi, ya fi dacewa da sana'ar.

Batun ranakun hutun gwamnati shi ne ya fi sauƙi, in dai an faɗe shi tun farko. Akwai waɗanda ranarsu ba ta sauyawa: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni da ta zama Ranar Dimokuraɗiyya daga 2019, 1 ga Oktoba, da 25 da 26 ga Disamba. Akwai Jumma'a da Litinin na Ista. Akwai kuma Sallolin nan biyu da Mauludi, waɗanda suka dogara ga ganin wata, kuma sai Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ba da sanarwa. A shekarar 2024 an ba da hutun Ƙaramar Salla ranakun Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu, da ba a ga wata ba sai aka ƙara da Alhamis 11 ga wata. Mai gidan da ta rubuta "kwana biyu na Salla" a takardarta za ta shiga gardama a irin wannan shekara. Abin da ya fi shi ne ta rubuta cewa gidan yana rufe a duk ranar da Gwamnatin Tarayya ta ayyana hutu, kuma an riga an shigar da waɗannan ranaku cikin kuɗin wata. Amma fa ma'aikatan jinya da 'yan sanda da 'yan jarida ba su san hutu ba. Idan akwai 'ya'yansu a gidan, a yanka kuɗin ranar hutu daban, kuma kaso mai tsoka ya tafi ga mataimakiyar da ta bar bikinta ta fito.

Hutun mai gida da ma'aikatanta shi ne wurin da iyaye suka fi jin zafi, kuma a nan suna da hujja, domin ranar da aka rufe gida su ofis yana jiransu. Duk da haka hutun wajibi ne. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadar wa ma'aikaci hutun aƙalla kwanakin aiki 6 da cikakken albashi bayan ya cika wata 12 yana aiki, kuma wadda ke ɗaukar jarirai tun daga ƙarfe bakwai na safe har gab da magariba ta fi kowa buƙatarsa. Dabarar ita ce a yi lissafi da shekara. A gidan misalinmu kowane gurbi yana kawo N300,000 a shekara. Idan mai gida za ta rufe mako 2, tana iya cewa kuɗin mako N6,000 ne kuma ba a biyan makonnin rufewa, tana kuma iya cewa N25,000 ne kowane wata har da watan rufewa. Kuɗin ɗaya ne, sai dai na biyun ya fi sauƙin tafiyarwa ga mai jiran albashi. A ɗora hutun a kan lokacin da gidan kan yi fayau dama, kamar tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, a kuma sanar da iyaye tun watanni kafin lokacin. In kuwa rufewar ta ba-zata ce, saboda rasuwa ko rashin lafiyar mai gida, to a mayar wa iyaye kuɗin kwanakin ko a cire musu a wata mai zuwa. Wadda ke neman a biya ta ranar da yaro ya yi fashi, wajibi ne ita ma ta biya ranar da ta yi nata.

Rashin lafiyar yaro yana buƙatar a yi hattara. Idan ana cajin cikakken kuɗi, wata uwar za ta ce ai ta riga ta biya, ta ba yaro maganin zazzaɓi da asuba ta kawo shi, zuwa azahar jikinsa ya sake yin zafi. Ƙarambau ko ƙyanda ko ciwon ido na afolo idan ya shiga ɗakin da yara goma ke rarrafe a tabarma ɗaya, to gidan ne gaba ɗaya zai kwanta. Saboda haka dokar lafiya ta tsaya da ƙafarta, ba ruwanta da kuɗi: yaro mai zazzaɓi ko gudawa ko amai ko ƙuraje ko jan ido ba a karɓarsa sai ya warke. Ta ɓangaren kuɗi kuma, a ra'ayinmu fashin da bai wuce mako guda ba bai cancanci ragi ba, amma jinyar da ta kai ga kwanciya asibiti ta wuce mako biyu ta cancanci a raba asarar biyu. Iyalin da ke fama da kuɗin magani ba sa manta wanda ya sassauta musu, kuma a wannan sana'a uwa ce ke kawo uwa.

Doguwar tafiya ita ce ta fi wuyar sha'ani. Uwar yaro ta sake haihuwa, ta tafi gidan iyayenta wankan jego da babban yaron. Dokar Ƙwadago ta ba ta mako 12, ma'aikaciyar Gwamnatin Tarayya tana da mako 16, Jihar Legas kuma tun 2014 da Jihar Kaduna tun 2019 sun ba ma'aikatansu mata wata 6. Malamar makaranta ita ma ba ta buƙatar reno a dogon hutun damina. A nan ne ake amfani da kuɗin riƙe gurbi, wanda akasari rabin kuɗin wata ne. Sai dai mai karatu ya lura da lissafinmu na baya: kason kowane yaro a cikin kuɗaɗen da ba sa motsi N18,500 ne, rabin kuɗin wata kuwa N12,500, watau mai gida tana cika N6,000 daga aljihunta a kowane wata. Tana yin haka ne don ta san yaron zai dawo, wataƙila ma da ƙaninsa. Amma dole a sa masa iyaka, a ce wata 2 a shekara, da sanarwar wata guda kafin tafiya. Bayan nan ko dai a koma cikakken kuɗi, ko a saki gurbin ga wanda ke jira. A dogon hutu kuma ana iya cike giɓin da 'yan nazare da 'yan firamare waɗanda makarantunsu suka rufe alhali iyayensu na aiki.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa. A ƙarshen Maris na 2020 aka rufe Abuja da Legas saboda annobar korona, makarantu suka yi watanni a kulle. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aka kuma tsayar musu da albashi, wanda ke nufin gidan renon da ya dogara ga 'ya'yansu ya rasa masu biya na wata takwas. Babu yarjejeniyar da za ta tilasta wa wanda ba shi da albashi ya biya cikakken kuɗi. Abin da ke ceton gida a irin wannan hali shi ne ajiya, wadda ta isa albashin mataimaka na wata biyu ko uku, da kuma kada a tara 'ya'yan ma'aikatan wuri ɗaya kawai.

Duk abin da aka ambata sai an rubuta shi yake aiki. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ko Turanci ko duka biyun, a karanta wa uwa da uba ranar da suka fara kawo yaro, su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. A rubuta ranar biya da kwanakin sassauci, tun da albashi kan yi jinkiri, da kafin alƙalami na rabin wata wanda za a cire daga watan ƙarshe idan an ba da sanarwar ɗauke yaro. A ajiye littafin zuwa da tashi, a riƙa ba da rasit. Haka nan a rubuta watan da ake duba farashi sau ɗaya a shekara, domin waɗanda ba su yi wannan tanadi ba sun sha wahalar yi wa iyaye bayani bayan janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, da kuma bayan ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa N70,000 a Yulin 2024. Ko da yake dokar albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, mataimakiyar da ta ji an yi ƙari a wani wuri ba za ta daɗe ba.

Saura 'yan'uwa da maƙwabta, waɗanda su ne suka fi yawan neman a cire musu na kwanaki. Idan mai gida tana son ta kyautata wa ɗan ƙanwarta ko jikan liman, ta yi masa rangwame a kan kuɗin wata tun ranar shiga, ta rubuta adadin a takardarsa, sa'an nan dokar fashi ta hau kansa kamar kowa. Gidan da ya riga ya saba da biyan kwana-kwana kuwa kada ya juya dare ɗaya. A kira iyaye a zauna, a buɗe musu lissafin albashi da haya su gani da idonsu, a ba su wa'adin wata biyu, a fara sabon tsarin a Janairu ko a Satumba, lokacin da makarantu ke buɗe sabuwar shekarar karatu.