Ka Tura Kuɗi, Kaya Ba Su Iso Ba: Yadda Ake Neman Haƙƙi



A da, mutumin Anka ko Gummi ko Bukkuyum da zai haɗa lefe ko ya saro kayan shago sai ya hau mota ya nufi Gusau ko Sakkwato, in sayayyar da yawa ya zarce Kantin Kwari a Kano. Ya taɓa kaya da hannunsa, ya taya, a sallama, ya biya ya ɗauko. Yanzu kuɗin mota ya hau, matsalar tsaro kuma ta sa mutum ba ya kama hanyar Daki Takwas zuwa Anka da Gusau sai da dalili mai ƙarfi. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa har mutanen ƙauye tura kuɗi ta waya da wurin masu POS. Sai ciniki ya koma WhatsApp da Facebook da TikTok: a ga hoton atamfa ko shadda ko waya ko batirin sola, a tura kuɗi, a jira direba ya kawo saƙo tasha.

Galibi kaya suna isowa lafiya. Amma wani lokaci sai ka ji "gobe za a ɗora a mota", goben ta ƙi zuwa, daga bisani lamba ta daina shiga. Mutane da yawa nan suke tsayawa su ce sun bar shi da Allah, wasu don kunya kada a ce an yi musu wayo. Wannan shirun shi ne jarin macuci, domin da shi yake samun na gaba. Neman haƙƙi bai saɓa wa tawakkali ba. Sai dai kuɗin da ya fita ta waya abu biyu ke dawo da shi, hujja da hanzari.

Fara sanin da wa kake hulɗa

Ba duk wanda bai kawo kaya ba ne ɗan damfara. Akwai ɗan kasuwa na gaskiya da kaya suka maƙale masa a hanya, ko direba ya sauke su a wata tasha. Wannan yana ɗaga waya, yana iya ba ka lambar direba da sunan tashar da aka ɗora. Akwai wanda yake da shago ko sana'a, amma ya juya kuɗinka a wata hidima yana ta ja maka rai. Sannan akwai wanda tun asali ba shi da kaya, hotunan wasu ya kwaso ya baza. Na farko haƙuri da bincike yake buƙata, na biyu matsi da shari'a, na uku kuwa sai banki da hukuma, kuma a ranar da ka gane shi.

Tara hujja kafin ka yi faɗa

Kada ka fara da zagi, domin da zarar ya ji zafi zai toshe ka ya goge tallarsa. Fara ɗaukar hoton komai: tallar, farashin, hirarku tun daga sallama, alkawarin ranar kawowa, lambar wayarsa da sunan shafinsa. Adana saƙonnin murya, ka tura wa wani amintacce kwafi. Mafi muhimmanci shi ne rasit na turawa, wanda ke ɗauke da sunan mai asusu, lambar asusun, sunan banki, rana da lokaci, da wata doguwar lamba ta musamman da banki ke bin sawun kuɗi da ita. In a wurin mai POS ka tura, koma ka karɓi takardar, ka ɗauki hotonta tun rubutun bai goge ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malaman fiƙihu suna kiran cinikin da ake biyan kuɗi kafin a karɓi kaya salam, kuma sun halatta shi da sharaɗin a bayyana siffar kaya da yawansu da lokacin kawowa. In lokaci ya yi kaya ba su samu ba, mai saye yana da zaɓi, ya jira ko ya karɓi kuɗinsa. A gaban alƙali kuwa, mai ƙara shi ake tambaya hujja.

Mataki na farko: mai kaya da shugabanninsa

Rubuta masa saƙo cikin ladabi, ka faɗi nawa ka tura, yaushe, don me, ka ba shi wa'adi bayyananne na kawo kaya ko dawo da kuɗi. In ya ce ya ba direba, je tasha wurin shugabannin ƙungiyar direbobi, su suka san motar da ta taso da wanda ya karɓi saƙo. In yana da shago a babbar kasuwa, nemi ɗan uwa ko ɗan gari da ke can ya kai maganar ga shugabannin 'yan kasuwa, domin ɗan kasuwa ya fi tsoron zubewar mutunci a layinsu fiye da barazanarka ta waya. In ɗan yankinku ne, mai unguwa ko hakimi ko Hisba suna iya zaunar da ku a yi sulhu, a rubuta yadda za a biya da shaidu. In kuwa ta babban kantin intanet irin Jumia ka saya, bi hanyar ƙorafi da ke cikin manhajarsu da lambar odarka, kada ka yarda wani ya ja ka gefe ka biya a asusun kansa.

Mataki na biyu: banki

In alamu sun nuna damfara ce, kada ka kwana. Kira bankinka ko kamfanin da ka tura ta hannunsa, ko OPay ne ko Moniepoint ko PalmPay, ka ce kana ba da rahoton zamba, su sanar da bankin da kuɗin ya shiga. Ka karɓi lambar ƙorafi ka ajiye. A sani, banki ba ya cire kuɗi daga asusun wani ya mayar maka don kawai ka ce an cuce ka, tunda da hannunka ka tura. Galibi sai da yardar mai asusun ko umarnin kotu. Amfanin gaggawa shi ne a sa wa asusun ido ko a tsayar da shi kafin a kwashe abin da ke ciki. Macuci kuma ba aljani ba ne: an shigo da BVN tun 2014, kuma a ƙarshen 2023 Babban Bankin Nijeriya ya umarci a haɗa kowane asusu da BVN ko NIN, don haka akwai sunan mutum a bayan kowace lamba. In banki ya yi biris da ƙorafinka har mako biyu, kana da damar kai shi Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki.

Mataki na uku: hukuma da kotu

Karɓar kuɗin mutum da ƙarya laifi ne babba. Dokar zamba ta tarayya ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 a kansa, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015. Kai rahoto ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukumarku da kwafin hujjojinka, ka riƙe na asali. In kuɗin da yawa, ko kun taru da yawa mutum ɗaya ya cuta, ku rubuta koke ga EFCC, wadda ke da ofishin shiyya a Sakkwato. Koken mutum goma ya fi na mutum ɗaya nauyi.

In kuwa ɗan kasuwa ne sananne da ya saɓa alkawari, maganar ta bashi ce. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai, don haka kada ka ɓata kuɗinka wajen neman a kulle shi. Hanyarka ita ce kotun shari'ar Musulunci ko kotun majistare. In a Kano yake, jihar tana da kotunan ƙananan basussuka da mutum ke iya shiga ba tare da lauya ba. Akwai kuma hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa a madadin tsohuwar majalisar da aka yi tun 1992. Tana karɓar ƙorafi ta intanet, kuma ta fi tasiri a kan kamfani mai rajista da adireshi.

Abubuwan da za a kiyaye

Wanda aka cuta sau ɗaya, ana sake dawowa kansa. Za a ce ka ƙaro kuɗin mota ko na kwastan kafin a saki kaya. Kada ka ƙara ko kwabo. Wani zai kira ka ya ce daga banki yake, zai dawo maka da kuɗinka in ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka. Banki ba ya tambayar lambar sirri, wanda ya tambaya ɓarawo ne. Haka nan kada fushi ya sa ka baza hoton wani da sunan ɓarawo ba da tabbaci ba, domin macuta kan yi amfani da hotunan bayin Allah, sai ka koma kai ake tuhuma da ɓata suna.

Uwargida, in ke abin ya shafa, kada tsoron faɗan maigida ya sa ki ɓoye har mako ya wuce. Faɗa masa ko wani ɗan uwanki a ranar, a tafi banki da wayarki.

Kafin a tura na gaba

Gaskiya ita ce ba duk kuɗin da ya tafi ke dawowa ba, ko an bi matakan nan duka. Saboda haka kafin ka biya baƙo, nemi ya nuna maka kaya da shago ta kiran bidiyo. Duba ko sunan asusun ya yi daidai da na mai maganar. In ya ce kamfani ne, ana iya binciken rajistarsa a shafin hukumar CAC. Fara da sayayya kaɗan, ko ka sa wani naka a garin ya gani da ido kafin ka biya, ko ku yi yarjejeniya sai kaya sun iso tasha. Shaddar da kowa ya san kuɗinta in aka ce maka rabin farashi, ka san araha ba ta ado.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa da tasha da makarantun Islamiyya na mata. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba mu halaliya.