Darasi: Ƙaramar Ma'ajiyar Ƙwaƙwalwa da Hadda

Ƴan uwa, Allah ya halicci ƙwaƙwalwarmu da wata ƙaramar ma'ajiya, inda abin da muka ji yanzu yake zama kafin ya kafu ko ya gushe. A 1956, masani George Miller na Amurka ya ƙiyasta tana ɗaukar abubuwa kamar 7. A 2001 Nelson Cowan ya ce kusan 4 ne. In ba a maimaita ba, sukan ɓace cikin sakan 20. Shi ya sa muke faɗin lambar tarho mai alƙaluma 8 biyu-biyu. To, mu malamai, in muka biya wa ƙaramin almajiri doguwar aya ya rikice, kada mu ɗauki bulala. Mu rarraba masa ita gaɓa-gaɓa, ya maimaita kowace a bayyane kafin mu ƙara.