Yadda Ake Share Wa Ɗalibi Hanyar Jami'a Tun Daga SS1

Iyaye da yawa a unguwar Kado ta Abuja ba sa tuna maganar jami'a sai JAMB ta fara sayar da fom. Alhali tun ranar da yaro ya gama JS3, aka ce ya zaɓi ajin kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci, an riga an yanke rabin hukuncin.

Mataki na farko, ku zauna da shi kafin ya shiga SS1, ku ji abin da yake son karantawa, sannan ku duba ƙasidar kwasa-kwasan JAMB tare. Jarrabawar darussa huɗu ce, maki 400, Turanci dole ne. Mai son likitanci zai haɗa da Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Mai son injiniya, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai son lauya ba shi da makawa sai Adabin Turanci. Wanda ya yar da darasi a SS1 don malamin ya cika tsanani, zai iya cin maki mai yawa a hana shi gurbi, kuma wannan asara ce mai ciwo domin tun farko ana iya kauce mata.

Na biyu, a gyara takardu da wuri. Ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Sunan da ke kanta da ranar haihuwa su dace harafi da harafi da abin da makaranta za ta tura wa WAEC da NECO. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya sa ku yi ta zarya ofis-ofis. Layin wayar da aka yi rajista da shi kuma a adana shi, kada ya ɓata.

Na uku, kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, a zama ɗaya in da hali, kada ya wuce biyu. Lissafi ma kada a saki, ko wane fanni ne. Tsofaffin tambayoyi a fara su tun SS2, a kan kwamfuta, tunda da ita ake jarrabawar JAMB.

Sai ayyukan bayan aji. Gaskiyar magana, Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, maki da haɗin darussa suke dubawa, ba kofin muhawara ba. Amfanin ayyukan yana bayyana wajen neman tallafin karatu da jami'o'in Amurka, inda ake son ganin abin da ɗalibi ya daɗe yana yi. Don haka ya riƙe abu ɗaya ko biyu tsawon shekara uku: ƙungiyar kimiyya ta JETS, muhawara, musabaƙar Alƙur'ani, ko gasar lissafi ta Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a Kwali. Yarinyar da ke rubuta wa mahaifiyarta lissafin ciniki a kasuwar kifi ta Kado ita ma tana da abin faɗa, in an rubuta shi. A tanadi fayil, duk takardar shaida a jefa ciki, da kwanan wata da sa hannun malami.

A SS3, a zaɓi jami'a da idon basira: na tarayya suna ware kaso ga jihohin da ke yankinsu, ku bincika inda jiharku ta faɗa. Bayan sakamakon JAMB ya fito, a yi jarrabawar tantancewa ta jami'ar, a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB, a riƙa leƙa CAPS, sashen shafin da ake ba da gurbi, domin gurbin da ba a karɓa a can ba yana iya suɓucewa.