Kafin Iyali Su Ci Bashi: Lissafin Da Talla Ba Ta Yi

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7, Luka 14:28-30

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kuɗin makaranta, takin zamani ko jinya sukan kai iyali ƙofar mai ba da rance. Rance ba zunubi ba ne, amma yana da farashi, kuma ruwan da ake tallatawa ba shi ne dukan farashin ba. Gwauruwar zamanin Elisha ta ga haka sa'ad da mai bin mijinta bashi ya zo kwashe 'ya'yanta biyu.

Yadda Ake Lissafin Ruwa

A ɗauki misalin magidancin da ya ranci Naira 120,000 na wata shida, da ruwa kashi 5 cikin 100. Abu na fari, kashi 5 ɗin na wata ne, ba na shekara ba. Na biyu, masu ba da rance da yawa suna ɗora ruwan a kan dukan uwar kuɗin har ƙarshe. Kowane wata zai biya 20,000 na uwar kuɗi da 6,000 na ruwa. A wata na shida saura 20,000 kaɗai ake binsa, duk da haka ruwan 6,000 ne, wato kashi 30 cikin 100 na ragowar bashin. Jimillar ruwa ta zama 36,000. Da a kan ragowar bashi ake lissafi, da 21,000 zai biya.

Abin Da Ake Cirewa Tun Farko

Idan aka zare 6,000 na fom, inshora da hidima, 114,000 ne ya shiga hannunsa, alhali zai mayar da 156,000. Ainihin farashin rancen 42,000 ke nan, ban da tarar jinkiri.

Asarar Da Ba Ta Kuɗi Ba

Akwai gonar da aka jinginar, da ɗan'uwan da ya tsaya wa mutum, wanda za a kama idan biya ya gagara. Akwai kuma mutunci. A 2022 hukumar kare masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta rufe ofisoshin wasu masu ba da rance ta waya, waɗanda suke aika wa dangi da abokan mai bashi saƙonnin tozarci.

Kammalawa

Yesu ya koyar cewa mai son gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafi. Kafin sa hannu, miji da mata su nemi amsar tambayoyi uku a rubuce: Nawa zai shiga hannu? Nawa za a mayar gaba ɗaya? Me zai faru idan aka makara?

Don Tattaunawa

1. Me ya sa wasu ma'aurata suke ɓoye wa juna bashi?
2. Yaya ikkilisiya za ta taimaki ɗan'uwan da bashi ya danne?